Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Sinadarai Ke Sarrafa Ƙwayoyin da Ke Saita Motsin Tumbi da Hanji

Kowa ya san zuciya tana bugawa, amma kaɗan ne suka san cewa tumbi da hanji ma suna da nasu bugun, wanda ba ya tsayawa dare da rana, ko da abinci a ciki ko babu. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ke shimfiɗe a cikin bangon hanji suke samar da shi, sannan sinadarai iri-iri, daga jijiyoyi da jini da ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su, suna ta sarrafa saurinsa da ƙarfinsa.

Shin da gaske ne tumbi da hanji suna da bugu irin na zuciya?

Gaskiya ne, sai dai bugun nasu na lantarki ne, kuma ba kowane bugu ne ke haifar da matsewar tsoka ba. Idan aka ɗora na'urar auna lantarki a bangon tumbin mutum, za a ga wata taguwa tana tashi tana sauka sau 3 a minti ɗaya, wato kusan duk bayan daƙiƙa 20. A farkon ƙaramin hanji tana zuwa sau 11 zuwa 12 a minti, sai ta ragu zuwa 8 ko 9 a ƙarshensa. Masana suna kiran ta taguwa mai tafiya a hankali, domin in aka kwatanta ta da saƙon jijiya, wanda ke wucewa cikin ƙiftawar ido, ita tana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta tashi ta kwanta. Likita Walter Alvarez na Amurka ne ya fara auna wannan lantarki na tumbi daga saman fatar ciki a shekarar 1922.

Taguwar ce ke yanke iyakar yawan matsewar da tsoka za ta iya yi, da kuma inda matsewar za ta nufa. Lafiyayyen tumbi ba ya matsewa fiye da sau 3 a minti komai yawan abin da ke cikinsa, saboda dama uku kacal taguwar ke ba shi.

Waɗanne ƙwayoyi ne ke samar da wannan bugu, kuma wa ya gano su?

Ana kiran su ƙwayoyin Kahal, da sunan masanin nan ɗan ƙasar Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ake furta ƙarshen sunansa Kahal. Ya siffanta su a 1893 bayan ya gan su a bangon hanjin dabbobi, masu rassa dogaye da ke saƙe da juna kamar raga, kuma ya ɗauka wani nau'in ƙwayoyin jijiya ne. A wannan gaɓa bai dace ba, domin bincike na baya ya nuna cewa tushensu ɗaya da ƙwayoyin tsoka tun a cikin mahaifa. Shi ne kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi, saboda aikinsu kan tsarin jijiyoyi.

An daɗe ana zaton su ne masu saita bugu kafin a sami hujja. Maria-Simonetta Faussone-Pellegrini a Italiya da Lars Thuneberg a Danmak sun kare wannan ra'ayi da ƙarfi, shi Thuneberg a wani dogon aiki da ya fitar a 1982. Hujjar da ta rufe bakin masu shakka ta zo ne tsakanin 1992 da 1995, lokacin da masana a Japan da Amurka da Kanada suka nuna cewa ɓerayen da suka rasa waɗannan ƙwayoyi a ƙaramin hanji sun rasa taguwar lantarkin gaba ɗaya, alhali tsokarsu da jijiyoyinsu suna nan.

Ba iri ɗaya ba ne duka, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Akwai waɗanda ke shimfiɗe tsakanin shimfiɗun tsoka biyu na bangon hanji, kewaye da tarin jijiyoyin da ke wurin. Su ne ainihin masu saita bugu a tumbi da ƙaramin hanji. Akwai kuma waɗanda ke cikin tsokar kanta, kwance a jikin zaruruwan jijiya, kuma babban aikinsu shi ne karɓar saƙon jijiya su miƙa wa tsoka. A babban hanji akwai wani rukuni a gefen tsoka na ciki wanda ke samar da nasa bugun. Duk da girman aikinsu, ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke bangon tsokar ba.

Yaya suke bugawa ba tare da wani ya umarce su ba?

Sirrin yana cikin kalsiyam. A cikin kowace ƙwayar Kahal akwai wani rumbu da ke tara kalsiyam, kuma lokaci-lokaci rumbun yana sakin ɗan kaɗan zuwa cikin ƙwayar. Wannan kalsiyam yana buɗe wasu ƙofofi a fatar ƙwayar da ake kira ANO1, waɗanda kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, ke bi ya fita. Kuloraid yana ɗauke da cajin lantarki, don haka fitarsa tana sauya ma'aunin lantarkin ƙwayar, sauyin kuma ya buɗe wasu ƙofofin da ke shigo da ƙarin kalsiyam daga waje, ƙarin ya sake tunzura rumbun, har abin ya kai ƙololuwa. Daga nan rumbun ya ƙare, ƙofofin su rufe, ƙwayar ta kwashe kalsiyam ta mayar rumbu, sai a koma farko. Tsawon lokacin da wannan zagaye ke ɗauka shi ne saurin bugun.

Ƙwayoyin suna haɗe da juna, kuma da ƙwayoyin tsoka, ta wasu ƙananan kafofi da lantarki ke ratsawa kai tsaye, shi ya sa taguwar da ta tashi a wuri ɗaya take bazuwa cikin ragar duka. An gano ainihin ƙofar ANO1 a 2008, kuma a 2009 aka tabbatar tana da yawa a ƙwayoyin Kahal; ɓerayen da aka cire musu ita ba su da taguwa ko kaɗan.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ya kamata mai karatu ya riƙe: kowane yanki na ragar yana iya bugawa da kansa, amma wanda ya fi sauri shi ke jan sauran. A tumbin mutum, wuri mafi sauri yana can sama a jikin babban lanƙwasar tumbi, don haka daga nan taguwa ke tashi ta gangara zuwa mafitar tumbi. Bambancin sauri ne ke sa taguwar ta nufi ƙasa.

To in da kansu suke bugawa, mene ne aikin sinadaran?

Wannan ita ce tambayar da dukan maganar ta rataya a kanta. Sinadarai ba sa ƙirƙirar bugun. Ana iya ciro yankin hanji daga jikin dabba, a toshe dukan jijiyoyinsa da guba, taguwar ta ci gaba da zuwa a kan kari. Abin da sinadarai ke yi shi ne su sauya saurin bugun, su sauya girmansa da tsawonsa, su kuma yanke hukunci ko tsoka za ta amsa shi ko za ta yi shiru. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma karin maganar ya dace da wannan wuri sosai: ƙwayoyin Kahal ne makaɗa, tsoka ce mai rawa, sinadarai kuwa su ne ke sa a sassauta kiɗan ko a zafafa shi, wani lokaci ma su zaunar da mai rawa alhali kiɗan bai tsaya ba.

Ana ganin haka a fili lokacin da ciki yake wayam. Taguwar tana ta zuwa, amma tsoka tana kwance na tsawon lokaci ba ta matsewa. Sai duk bayan kimanin minti 90 zuwa 120, sinadarin motilin da ƙaramin hanji ke fitarwa ya ƙaru a jini, a sami jerin matsewa masu ƙarfi da ke share ragowar abinci daga tumbi zuwa ƙasa. Adadin taguwar yana nan yadda yake, amsar tsoka ce ta sauya.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda hanyoyi masu yawa suke komawa mahaɗa ɗaya. Kusan duk sinadarin da ke zuga ƙwayar Kahal yana yin haka ne ta ƙara sakin kalsiyam daga rumbu, kuma kusan duk wanda ke kwantar da ita yana rage sakin ne. Wanda ya riƙe wannan zai iya hasashen aikin sinadarin da bai taɓa jin sunansa ba.

Waɗanne sinadarai ne ke zuga su?

Na gaba a cikinsu shi ne asetilkolin, wanda jijiyoyin bangon hanji ke saki. Bangon hanjin mutum yana da ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, kuma zaruruwansu suna bi ta jikin ƙwayoyin Kahal na cikin tsoka, a wasu wurare tazarar ba ta wuce nanomita 20 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), kusancin da ya yi kama da na jijiya da jijiya a ƙwaƙwalwa. Asetilkolin yana sauka a kan wata makarɓa, wato wurin karɓar saƙon sinadari a jikin ƙwaya, da ake kira M3, ita kuma ta sa a samar da wani ɗan saƙo na cikin gida mai suna IP3, wanda ke zuwa ya buɗe ƙofar rumbun kalsiyam. Sakamakon haka taguwar tana ƙara girma da tsawo, tsoka ta matse da ƙarfi, kuma a ƙasan tumbi saurin bugun kansa yana iya ƙaruwa. Akwai wani sinadari a wurin da ke wargaza asetilkolin nan take, don kada zugar ta wuce kima.

Jijiyoyin nan dai suna sakin wasu ƙananan furotin da ake kira takikinin, kuma ƙwayoyin Kahal na ƙaramin hanji suna da makarɓarsu mai suna NK1 da yawa. An ga makarɓar tana nutsewa cikin ƙwayar bayan an tunzura jijiya, abin da ke nuna cewa saƙon ya isa gare ta a zahiri.

Waɗanne ne kuma ke kwantar da su?

Babban mai kwantarwa iska ce, wato naitirik oksaid. Wannan ya ba masana mamaki da farko, domin ba a saba ganin iska tana aikin isar da saƙo a jiki ba, kuma gano aikinta a jijiyoyin jini ne ya sa aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad lambar Nobel a 1998. Jijiyoyi masu kwantarwa suna haɗa ta ne a daidai lokacin da ake buƙata, ba a ajiye ta. Tana ratsa fatar ƙwayar Kahal ba tare da neman ƙofa ba, ta tayar da wani sinadari da ke samar da wani ɗan saƙo na cikin gida mai suna cGMP, shi kuma ya bi ta wasu matakai ya danne sakin kalsiyam daga rumbu. Ƙofofin ANO1 suna rufewa, lantarkin ƙwayar ya lafa, tsoka ta saki jiki.

Kada a raina wannan sakin jiki. Shi ne ke ba saman tumbi damar buɗewa ya karɓi abinci ba tare da matsi ya tashi ba, shi ne ke buɗe zoben tsoka da ke tsakanin bututun abinci da tumbi, kuma shi ne ke sassauta hanjin da ke gaban loma yayin da na bayanta ke matsewa. Turawa daga baya ba ta amfani in gaba a rufe take. A cutar da ake kira akalesiya, jijiyoyin da ke samar da naitirik oksaid a ƙasan bututun abinci suna mutuwa, sai haɗiya ta gagari mutum.

Akwai ƙarin masu kwantarwa. Wani ƙaramin furotin mai suna VIP yana aiki ta wani ɗan saƙon cikin gida mai suna cAMP, kuma shi ma yana rage sakin kalsiyam. Sinadaran dangin ATP kuwa, wato sinadarin da ke ɗauke da kuzari a cikin ƙwayoyin jiki, suna bi ta wata ƙwaya dabam, maƙwabciyar ƙwayar Kahal, wadda ake gane ta da makarɓar PDGFR-alfa. A cikinta kalsiyam yana buɗe ƙofofin fotasiyam ne, don haka ƙaruwarsa kwantarwa take haifarwa. Tsoka da ƙwayoyin Kahal da waɗannan maƙwabta suna haɗe ta lantarki, shi ya sa masana a yau suke kallon su ukun a matsayin ƙungiya guda mai amsa saƙo tare.

Shin masana sun yi ittifaƙi cewa saƙon jijiya sai ya bi ta ƙwayoyin Kahal?

Ba su yi ba, kuma an shafe shekaru ana muhawara mai zafi. Ɓangare ɗaya ya dogara da ɓerayen da ba su da ƙwayoyin Kahal na cikin tsoka, inda aka ga amsar lantarki ga asetilkolin da naitirik oksaid ta ragu ƙwarai. Ɗaya ɓangaren ya ce tsoka ma tana da makarɓan waɗannan sinadarai, kuma a wasu gwaje-gwaje tsokar irin waɗannan ɓeraye ta ci gaba da sakin jiki. Da aka sami dabarar cire makarɓar naitirik oksaid daga nau'in ƙwaya ɗaya kawai, sai aka ga cewa a wurare da dama hanyoyin biyu suna aiki tare, kuma amsar ba ta ɓacewa sarai sai an cire ta daga ƙwayoyin Kahal da tsoka duka. A ganina wannan ne matsayin da ya fi dacewa da hujjoji: rabon aikin yana bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma kuskure ne a ɗauki sakamakon tumbin ɓera a yanke hukunci da shi kan babban hanjin mutum. Batun cewa su ne masu saita bugu kuwa, wannan babu jayayya a kansa.

Ina matsayin serotonin, wanda aka fi sani da alaƙa da yanayin farin ciki ko damuwa?

Kimanin kashi 90 cikin 100 na serotonin ɗin jiki a hanji ake samar da shi, a wasu ƙwayoyi da ke fatar ciki ta hanji, waɗanda ke sakin sa idan abinci ya taɓa su. Yawancin tasirinsa kan motsi yana bi ne ta jijiyoyi, su kuma su saki asetilkolin ko naitirik oksaid. Amma ƙwayoyin Kahal suna da tasu makarɓar mai suna 5-HT2B, kuma a ɓeraye an ga tunzura ta yana sa ƙwayoyin su hayayyafa, rashinta kuma yana rage yawansu.

Me ya haɗa waɗannan ƙwayoyi da tashin zuciya?

A nan ne ƙa'idar cewa mafi sauri shi ke ja take nuna muhimmancinta. Idan wani sinadari ya zuga ƙwayoyin ƙasan tumbi har saurinsu ya wuce na sama, sai ƙasan ya ƙwace jagoranci. Taguwa ta riƙa tashi daga inda bai kamata ba, wani lokaci ta nufi sama ta yi karo da mai gangarowa, su kashe juna. Tsoka ba ta samun kari tsayayye da za ta bi, abinci ya tsaya, kuma sau da yawa mutum yana jin tashin zuciya da cikar ciki. Ana samun wannan rikicewar bugu a masu jirin mota ko jirgi, da mata masu laulayin ciki, da masu ciwon sukari.

Furostagilandin, sinadaran da jiki ke samarwa a wurin kumburi ko rauni, suna cikin manyan masu jawo wannan rikici. A ɓeraye an nuna cewa nau'in E2 yana ƙara saurin bugun tumbi ta makarɓar EP3. A mutane kuma an yi wani gwaji mai ilmantarwa: da aka ɗaga sukarin jinin lafiyayyun mutane da gangan, bugun tumbinsu ya rikice, amma da aka ba su indometasin, maganin da ke hana samar da furostagilandin, rikicewar ba ta faru ba. Ina jan hankali a nan da gaske cewa wannan ba dalili ba ne na shan irin wannan magani don tashin zuciya, domin dangin indometasin suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini. An kuma ga furojestaron, sinadarin da ke ƙaruwa lokacin juna biyu, yana rikita bugun tumbi idan aka ba matan da ba su da ciki.

Tsoro da damuwa fa, suna isa gare su?

Suna isa, amma galibi ta hannun jijiyoyi. Idan mutum ya firgita, jijiyoyin shirin gudu ko faɗa suna sakin noradirenalin, wanda ke danne jijiyoyin bangon hanji masu sakin asetilkolin. Babbar jijiyar nan ta bagas, da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, ita ma da jijiyoyin bangon take magana. Damuwa takan jinkirta fitar abinci daga tumbi, ta kuma gaggauta motsin babban hanji.

Akwai sinadaran da rayuwar ƙwayoyin kanta ta dogara da su?

Akwai, kuma wannan rukuni yana aiki ne cikin makonni da watanni, saɓanin na baya da ke aiki cikin daƙiƙoƙi. Kowace ƙwayar Kahal tana ɗauke da wata makarɓa mai suna Kit, wadda ke karɓar wani furotin da ake kira SCF, kuma ƙwayoyin tsoka da na jijiya da ke kewaye ne ke samar da shi. Muddin saƙon yana zuwa, ƙwayar tana riƙe da siffarta da aikinta. Idan aka toshe shi a jarirai na ɓeraye, ragar ba ta ginuwa, kuma an ga wasu ƙwayoyin suna rikiɗa su koma kama da tsoka. Ɓerayen da aka kafa hujja da su a shekarun 1990 suna da tawaya ne a wannan makarɓa.

Sarƙar ba ta tsaya nan ba. Ita tsokar da ke samar da SCF tana buƙatar insulin da wani sinadarin girma mai suna IGF-1 kafin ta samar da shi yadda ya kamata. Ke nan ƙwayar Kahal tana ba tsoka kari, tsoka kuma tana ciyar da ita da abin da ke raya ta.

Shi ya sa ciwon sukari ke shafar tumbi?

Yana daga cikin dalilan. Wasu masu ciwon sukari na shekaru suna fama da kasalar tumbi, inda abinci ke daɗewa bai fita ba alhali babu abin da ya toshe hanya, mutum ya riƙa ƙoshi da wuri, da kumburin ciki, da amai. A da ana ɗora laifin duka kan lalacewar jijiyar bagas. Da aka fara duba yankin bangon tumbin irin waɗannan majinyata, sai aka tarar raguwar ƙwayoyin Kahal na cikin abubuwan da aka fi samu.

Abubuwa da dama ne ke haɗuwa a kansu. Ƙarancin insulin da IGF-1 yana rage SCF. Yawan sukari yana ƙara wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin jiki. Jijiyoyin da ke samar da naitirik oksaid suna raunana, ita kuwa wannan iska tana taimakawa wajen raya ƙwayoyin Kahal ban da kwantar da su. Sannan akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, mazauna bangon tsokar, waɗanda nau'insu mai kariya ke samar da ɗan kabon monoksaid kaɗan. Wannan ita ce iskar da ke kisa idan aka shaƙe ta da yawa, amma a wannan ƙaramin adadi tana kare ƙwayoyin. A ɓeraye masu ciwon sukari, waɗanda suka rasa wannan nau'i na makrofaj su ne tumbinsu ya yi kasala. Masana a asibitin Mayo na Amurka sun yi aiki mai yawa a kan wannan.

Matsalar tana zagayowa kan majinyaci ta hanya mai wahala: tumbi mai kasala yana sa a kasa sanin lokacin da abinci zai isa hanji, sai daidaita insulin ya yi wuya, hauhawar sukari kuma ta ƙara rikita bugun. Duk mai ciwon sukari da ke yawan amai ko ƙoshi da wuri ya kamata ya gaya wa likitansa, kada ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Idan sun ragu, suna iya dawowa?

A dabbobi, i. An toshe hanjin ɓera rabi-rabi, ragar ta lalace, da aka cire toshiyar sai ta sake ginuwa, taguwar ma ta dawo. An kuma gano wasu ƙwayoyi a bangon tumbi da ke iya girma su zama sababbin ƙwayoyin Kahal. A mutane yawansu yana raguwa da shekaru, an ƙiyasta kimanin kashi 13 cikin 100 a kowace shekara 10, kuma ana samun ƙarancinsu a masu maƙarƙashiya mai tsanani irin wadda babban hanji ke tafiyar hawainiya.

Da gaske ne akwai ciwon daji da ke fitowa daga waɗannan ƙwayoyi?

Akwai, ana kiran sa GIST, kuma ya fi fitowa a tumbi, sai ƙaramin hanji. A 1998 Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa a cikin wannan ƙari makarɓar Kit tana da tawayar da ke barin ta a kunne kullum, ko da SCF ko babu. Saƙon da ke raya ƙwayar ne ya rasa mai kashe shi, sai ta yi ta hayayyafa. Mafi yawan masu wannan ƙari suna da irin wannan tawaya, wasu kuma tana cikin PDGFR-alfa. Maganin imatinib, wanda ke toshe Kit, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka don wannan cuta a 2002, kuma ya sauya makomar majinyatan da a da maganin daji na yau da kullum ba ya yi musu amfani. Masu duba ƙari a ɗakin gwaji suna gane shi da Kit da kuma wata alama mai suna DOG1, wadda daga baya aka gane ita ce ƙofar ANO1 ɗin nan da ke samar da bugu.

Magungunan ciki da ake sha, kan waɗannan ƙwayoyi suke aiki?

Mafi yawansu saƙonnin da ke kewaye da ƙwayoyin suke taɓawa. Hayosin, da ake bayarwa don murɗawar ciki, yana toshe makarɓan asetilkolin. Metokulofuramaid da domferidon suna toshe makarɓar wani sinadarin saƙon jijiya mai suna dofamin, wadda ke danne sakin asetilkolin. Furukalofuraid yana tunzura makarɓar serotonin ta 5-HT4 a jijiyoyi, ana kuma ba masu maƙarƙashiya mai naci. Eritiromaisin, duk da maganin ƙwayoyin cuta ne, yana kwaikwayon motilin, don haka yana sa tumbi ya matse da ƙarfi, sai dai tasirinsa yana dusashewa in aka daɗe ana sha. Kodin da tiramadol da mofin suna danne jijiyoyin bangon hanji, shi ya sa maƙarƙashiya ke bin masu shan su, kuma da wannan hanyar ce loferamaid ke tsayar da gudawa. Kowane ɗaya yana da nasa haɗarin: metokulofuramaid yana iya jawo motsin jiki da mutum ba ya iya sarrafawa idan aka daɗe a kansa, domferidon da eritiromaisin kuma suna iya taɓa bugun zuciya, don haka sai da shawarar likita.

Za a iya auna bugun tumbi, ko a dasa masa na'ura irin ta zuciya?

Ana iya aunawa daga saman fata, hanyar da Alvarez ya fara, amma saƙon yana da rauni kuma motsi kaɗan yana gurɓata shi. Masana a Jami'ar Auckland ta New Zealand sun inganta aikin da faifai masu ɗauke da ma'auna da yawa, waɗanda ke nuna inda taguwa ta tashi da inda ta nufa. Da su aka ga cewa tumbi yana iya bugawa sau 3 a minti daidai, amma taguwar tana bin hanyar da ba tata ba, abin da tsohuwar hanyar ba ta iya gani.

Akwai na'urar da ake dasawa, mai suna Enterra, wadda aka amince da ita a Amurka a 2000 don masu kasalar tumbi da magani ya gagara. Sai dai aikinta ya sha bamban da na na'urar zuciya. Tana aika ƙananan bugu masu sauri waɗanda ba sa jan taguwar tumbi, kuma amfanin da ake samu a wasu majinyata shi ne raguwar amai da tashin zuciya, mai yiwuwa ta hanyar jijiyoyin da ke kai rahoto ƙwaƙwalwa. Jan taguwar kanta yana yiwuwa, an kuma yi shi a gwaji, amma yana buƙatar dogon bugu mai cin batir da yawa, kuma yana buƙatar ragar ƙwayoyin Kahal da ta rage da isasshen ƙarfin da za ta ɗauki taguwar daga inda aka tayar da ita har zuwa mafitar tumbi.